Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Mai Wurno

Kusan kowane yaro da ya zauna a aji ya ji sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Amma in ka tambaye shi labarin ɗan Shehu, watau Muhammadu Bello, galiban abin da zai faɗa maka bai wuce abu biyu ba: shi ya ci Alƙalawa, shi ya gina Sakkwato. Gaskiya ne ya yi waɗannan. Sai dai wanda ya tsaya nan, rawani ya gani, bai ga mai rawani ba. Akwai wani gefe na zaman Bello da ba a cika faɗa ba. Mutum ne mai tasbaha da dare, mai lambu da rana, wanda ya ɗauka cewa ana gane tsoron Allah na shugaba a gonar talaka, da rijiyar gari, da hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Wannan gefen nake so in ba ku labarinsa, 'yan'uwa, domin a wannan zamani da manomi da makiyayi suka zubar da jinin juna a kan ciyawa da ruwa, muna da bukatar mu san shi.

Ƙuruciyarsa a Degel

An haifi Bello cikin shekarar 1781, watau 1195 ta Hijira. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u, ana yi mata laƙabi Inna Garka, ita ce kuma ta haifi ƙanensa Abubakar Atiku. Masana Fulatanci sun ce asalin sunan Bello ma'anarsa mataimaki. A Degel ya tashi, wani ɗan ƙauye na malamai da ke cikin ƙasar Gobir a lokacin, arewa da inda Sakkwato take yanzu.

Degel ba birni ba ne, ba ganuwa, ba fada. 'Yan gidaje ne na malamai da almajiransu, da makaranta, da masallaci, da gonaki, da 'yan dabbobi. A nan Bello ya yi karatu wurin mahaifinsa da wurin baffansa Malam Abdullahi, wanda aka sani daga baya da Abdullahin Gwandu. Ya karanta Alƙur'ani da tafsiri, da hadisi, da fiƙihun Malikiyya, da nahawu da lugga, har ya zama tun yana saurayi yana rubuta Larabci kamar ruwa.

Mutanen gidan Shehu 'yan ɗariƙar Ƙadiriyya ne, ɗariƙar Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza. Suna da wuridinsu na safe da maraice, suna yawan azumi da tsayuwar dare, suna kuma koya wa almajiransu zuhudu, watau gudun duniya. To, amma gudun duniyar Degel ba shiga daji ba ne a bar mutane da wahalarsu. Abin da suka ɗauke shi da nufi shi ne mutum ya wanke zuciyarsa daga kwaɗayi, ya tsare hannunsa daga abin wani, ya ci guminsa. Har yau ana ba da labari cewa Shehu da kansa yakan tufka igiya a sayar, don kada ya ci abin da bai san asalinsa ba. Yaron da ya tashi yana ganin haka, da wuya ya manta.

Abu na biyu da Bello ya tashi yana ji shi ne kukan talakawa. Manoma da makiyaya suna zuwa Degel ɗaukar karatu, suna kuma zuwa da ƙararsu. Shehu ya lissafta irin waɗannan zalunce-zalunce cikin littafinsa Kitabul Farƙi: jangali mai nauyi a kan shanu, da kuɗin gari, da gaisuwa wadda sai an kai wa mai mulki kafin ya saurari mutum, da tawasa da ake karɓa wurin mahauta a kasuwa, da kamuwa, watau a kama dabbar mutum a yi wa sarki dako da ita ba da yardarsa ba. Wajen 1788, Bello yana ɗan shekara bakwai, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ran Babbar Salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar tasa, ya roƙi abu biyar a maimakonta. Cikin biyar ɗin har da a saki 'yan sarƙa, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Wannan shi ne karatun siyasa na farko da Bello ya samu: malami ya bar zinariya ya roƙa wa talaka sauƙi.

Hijira da yunwa

Da zama ya ƙi daɗi tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, sai suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin Fabrairun 1804. Bello yana da shekara 22. Wani malamin Buzaye mai suna Agali ya taimaka da raƙuma aka kwashi littattafai. A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a, cikin Yuni kuma aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, jama'a suka rinjayi rundunar Gobir.

Galiban masu ba da labari sukan yi tsalle daga wannan nasara zuwa wata nasara. Amma abin da ya faru tsakani ya fi koyar da Bello. A ƙarshen 1804 aka yi wa jama'a mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, aka kashe mutane wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kamar 200. Bayan wannan kuma ga yunwa, ga ciwo. Jama'a ba su da gona, ba su da rumbu, suna ta ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan da mata da yara. Yunwa kuwa ba ta san malami ba. Waɗansu mayaƙa suka shiga kwasar hatsin ƙauyuka, har mutanen Zamfara, waɗanda suka karɓe su hannu biyu da fari, suka juya musu baya. Abin ya dami Malam Abdullahi ƙwarai, ganin yadda son dukiya da mulki ya fara shiga zukatan waɗanda suka fito don gyara. Wajen 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, sai da Kanawa suka tsai da shi.

Bello bai tafi ba, ya tsaya. Shi ya ja rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, cikin 1808. Amma ya riga ya ga da idonsa cewa jama'ar da ba ta noma abin da za ta ci, ko da wa'azi ta fito, ƙarshenta ta ci na talaka. Duk abin da ya yi daga baya game da gona da gari, daga nan ya samo tushe.

Cikin 1809 ya fara gina Sakkwato, a kan tudu, dab da inda Gulbin Rima ya gamu da Gulbin Sakkwato. Ga tudu don tsaro, ga fadama a gindinsa don abinci. Cikin 1812 Shehu ya raba aikin riƙon ƙasa, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. A wannan shekara ce kuma Bello ya gama babban littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisuri. Wani abin lura cikin littafin nan shi ne Bello ya sa takardun Shehu Laminu na Barno, wanda ya yi musu gardama mai zafi a kan halaccin yaƙar Barno, sa'an nan ya sa amsarsa. Bai ɓoye hujjar abokin gardamarsa ba.

Hawansa da wuyar farko

Shehu ya rasu a Sakkwato cikin Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Bai sami gado mai laushi ba. Baffansa Abdullahi bai ji daɗin yadda aka yi naɗin ba, suka yi 'yan shekaru ba su jituwa. Ƙasashe da yawa suka tayar. Wanda ya fi ba da tausayi cikin masu tayarwa shi ne Abdussalami, wani malami Ba'are, tsohon almajirin Shehu, wanda ya sha wuya tare da jama'a tun farko. Yana zaune a Kware, ya rubuto wa Bello yana kukan cewa an tauye masa rabo, kuma zaluncin da aka fito yaƙa ya komo cikin sababbin masu mulki. Aka yi ta musayar takardu, abin bai gyaru ba, aka kai ga yaƙi, Abdussalami ya sami rauni ya rasu a farkon 1818. Bello ya rubuta labarin rikicin cikin wani littafi mai suna Sardul Kalami, ya kuma sa ƙarar Abdussalami a ciki. Saboda haka har yau mai karatu yana iya jin ɓangare biyu ya yi nasa hukunci. Ba kowane mai mulki ke barin ƙarar da aka kai a kansa ta rayu bayansa ba.

Shi da baffansa kuwa Allah ya daidaita su a Kalambaina, inda Bello ya kawo wa Abdullahi gudummawa a kan masu tawaye. Bayan an ci garin suka gamu, Abdullahi ya yi wa ɗan wansa mubaya'a, zumunci ya koma yadda yake.

Yadda ya ɗauki mulki

Bello ya yi shekara 20 yana sarauta, kuma ko cikin yaƙi bai ajiye alƙalami ba. Littattafansa da wasiƙunsa sun haura 100. Sarakunan da suka karɓo tuta sukan aiko masa da tambaya, shi kuma ya amsa musu da ɗan littafi. Ya yi wa Yakubun Bauchi haka. Ya yi wa Umarun Dallaji, Sarkin Katsina, wani mai suna Usulus Siyasa, inda ya jera asali bakwai na riƙon jama'a.

Wanda bai karanta wannan littafi ba zai zaci maganar yaƙi da haraji ce cike da shi. Abin da ke ciki kuwa ya fara da hali: shugaba ya zama mai tsoron Allah, mara kwaɗayin sarauta, mai sauƙin hali, mai zama da malaman kirki. Daga nan sai ya gangaro kan abin duniya. Ya nuna cewa wajibin sarki ne ya kula da masu sana'a waɗanda gari ba ya zaunuwa sai da su, kamar manoma, da maƙera, da maɗinka, da marina, da masassaƙa, da mahauta, da masu magani, ya rarraba su ko'ina cikin ƙauyuka gwargwadon bukata. Ya sa jama'a su nemi abinci su kuma yi tanadinsa. Ya gina garuruwa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi da kadarko. A wurin Bello duk wannan cikin addini yake. Ya kuma yi wani littafi, Tanbihus Sahibi, a kan hukuncin neman halal, inda ya yabi sana'a ya ƙi zaman banza da dogara ga abin hannun mutane.

Bai faɗa wa wasu abin da shi bai yi ba. Alhaji Sa'idu, wani malami da ya zauna a Sakkwato a zamaninsa ya kuma rubuta tarihin sarakunanta, ya shaida cewa Bello daga abin da ya nema da kansa yake ci, ba ya taɓa baitulmali don cikinsa. Ya kuma shaida cewa yakan bi diddigin alƙalai, in ya tarar sun yi hukunci da son zuciya ya warware. Sakkwatawa suna ba da labari cewa fitila biyu gare shi, ɗaya ta man baitulmali don aikin jama'a, ɗaya ta mansa don karatun kansa. Irin wannan labari ake bayarwa game da Halifa Umaru ɗan Abdul'azizu, kuma jingina shi da aka yi ga Bello ya isa ya nuna mana yadda mutanensa suka ɗauke shi.

Ribaɗi, gona da makiyaya

Babban aikinsa a ƙasa shi ne gina ribaɗi. Ribaɗi gari ne mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka don tsaro. Bello ya kafa su da yawa ya kewaye Sakkwato, ya sa 'ya'yansa da 'yan'uwansa su zauna ciki, kamar Kware, da Gandi, da Shinaka, da Lajinge. Nasa na kansa shi ne Wurno, kamar mil 20 arewa maso gabas da Sakkwato, a bakin fadamar Rima. Can ya fi zama a ƙarshen ransa, shi ya sa ake ce masa Mai Wurno.

Ribaɗin Bello ya wuce sansanin mayaƙa. Kowane ɗaya yana da masallaci da liman, da alƙali, da makaranta, da kasuwa, da gonaki kewaye. Ya jawo Fulani masu yawo da shanu, irin su Sulluɓawa, ya ba su wurin zama, ya sa aka koya musu noma, ya aika musu da malamai su karantar da 'ya'yansu. Ya shawarce su su rage yawan shanu su ƙara dawaki da raƙuma da tumaki da awaki. Har wani shugaban Buzaye na ƙasar Adar, Muhammadu Jailani, ya rubuta masa amsa a kan wannan batu na zaunar da mutanen daji. Kada mu ce don ƙasa kaɗai ya yi haka. Yana bukatar dawaki don yaƙi, yana kuma son mutane su zauna inda karatu da shari'a za su same su. Amma dubi abin da dabarar ta haifar. Makiyayin da ke da gona ya san zafin ɓarna. Manomin da makiyayi ke maƙwabtaka da shi ya san darajar taki, don in an yi girbi shanu su shiga su ci kara su bar masa kashinsu. In gardama ta tashi kuma ga alƙali kusa, wanda ya san su duka biyu.

Shari'ar da alƙalan nan ke bi ba ta bar ƙasa sakaka ba. A fiƙihun Malikiyya kowane gari yana da haraminsa, watau filin da ke kewaye da shi inda mutane ke yin itace, dabbobi kuma ke kiwo su komo a yini guda, ba mai ikon ya shinge shi ya ce nasa ne. Rijiya tana da nata, kogi yana da nasa, har itaciya mai amfani tana da nata. Daga wannan asali kalmarmu ta hurumi ta fito. Shugaba yana da iko ya keɓe wani yanki na daji don amfanin jama'a, amma da sharaɗi ya zama kaɗan, ya zama akwai bukata, kada kuma ya ƙuntata wa mutane, kada ya keɓe don kansa. Wanda ya raya mataccen fili, ya haƙa rijiya ko ya dasa itatuwa ko ya yi noma, yana da haƙƙi a kansa. Tushen duk wannan kuwa koyarwar Annabi ce, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa mutane sun yi tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta. Malam Abdullahi ya rubuta ɗan littafi musamman a kan hukuncin filaye, mai suna Ta'alimur Radi. Ashe hurumi da burtali da mashaya, waɗanda mu muka tarar muka ɗauka al'ada ce kawai, suna da gindi cikin littafi.

Bello kuma mutum ne mai son gwada sabon abu a gona. Sakkwatawa suna riƙe da labarin cewa shi ya yaɗa ban ruwa da jigo a fadamunsu, ya ƙarfafa noman rake, ya sa ana dafa mazarƙwaila a Gidan Maikara, ya kuma kawo irin itatuwa kamar rumman ya dasa a lambunsa. Noman rani yana da wata fa'ida da mai mulki irinsa ba zai kasa gani ba: in damina ta yi gardama, fadama ta rufa wa talaka asiri. Har yau ƙasar Wurno ta shahara da albasa da tafarnuwa da shinkafa.

Bai tsaya kan gona ba, ya shiga magani. Ya yi littafi a kan ciwon ido, ya yi a kan basir, ya yi a kan amfanin filasko. Ya tattara abin da ya samu cikin littattafan Larabawa ya haɗa da itatuwan da ke tsirowa a ƙasarsa, don mai ciwo ya sami abin da hannunsa zai kai.

Baƙinsa da 'yar'uwarsa

Cikin 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Kyaftin Clapperton, ya iso Sakkwato. Ya rubuta cewa ya tarar da Sarkin Musulmi zaune a kan ɗan shimfiɗa, sanye da shuɗiyar riga ta auduga da farin rawani. Tambayoyin da Bello ya yi masa sun ba shi mamaki, har a kan rarrabuwar ɗariƙun Kirista na dā. Bello ya nemi a aiko masa da likita daga Ingila. Da Clapperton ya komo cikin 1826 ya kawo masa littafin lissafi na Uƙlidisu, masanin Yunanawa, da Larabci, sai ya tarar Bello ya riga ya san littafin, gobara ce ta cinye wanda ke gidansu. Clapperton ya rasu kusa da Sakkwato cikin Afrilun 1827.

Wani baƙon kuma shi ne Alhaji Umaru Futi, babban shehin Tijjaniyya, wanda ya sauka Sakkwato a kan hanyarsa ta komowa daga Makka ya yi shekaru. Ko da yake gidan Shehu na Ƙadiriyya ne, Bello ya girmama shi, har ya ba shi 'yarsa aure. Bambancin wuridi bai hana su zama lafiya ba.

Cikin masu taimakonsa babu kamar ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo. Bello ya rubuta wani littafi na nasiha a kan illar son duniya, ya kawo labarun mata salihai masu gudun duniya a ciki. Asma'u ta mai da shi waƙa da Fulatanci da Hausa don matan da ba su jin Larabci. Daga irin wannan aiki ne ƙungiyarta ta 'Yan Taru ta tsiro. Takan naɗa wata dattijuwa jaji, ta ba ta malfa, ita kuma ta riƙa jawo matan ƙauye zuwa ɗaukar karatu, su koma su koya wa wasu, su duba marasa lafiya, su taimaki gajiyayyu. Abin da wa ya yi da gari da gona, ƙanwa ta yi shi cikin gidaje.

Inda aikin bai kai ba

Ba daidai ba ne mu ba da labarin mutum mu ɓoye inda zamaninsa ya gaza. Mulkin Bello mulkin yaƙi ne tun daga farko har ƙarshe, kusan kowace rani sai an fita. Yaƙin nan kuwa yana kawo bayi, kuma da yawa cikin gonakin da suka ciyad da Sakkwato da ribaɗanta bayi ne suka nome su. Bello ya hana a bautar da Musulmi ɗa, ya kuma yi magana da Clapperton a kan tsai da sayar da bayi zuwa bakin teku. Amma bautar kanta ta ci gaba, har ta ƙaru cikin daular a ƙarni na 19. Mutanen ƙasashen da aka riƙa kai wa hari, musamman na kudancin daular, jikokinsu ba su manta ba, kuma suna da gaskiyarsu. Adalcin da ya tsara bai game kowa ba. Wanda zai ɗauki darasi daga gare shi yau, sai ya ɗauki ma'aunin ya auna wa kowane ɗan Adam da shi, ko wane ne, ko mene ne addininsa.

Rasuwarsa

Cikin 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da waɗansu Buzaye suka haɗa kai suka taso. Bello ya fita da kansa ya gamu da su a Gawakuke ya rinjaye su. Wannan ne babban yaƙinsa na ƙarshe. Ya komo Wurno, ciwo ya kama shi, ya yi watanni yana jinya. Ana faɗa cewa da ya ga alamar tafiya ya gargaɗi 'ya'yansa kada su yi jayayya a kan sarauta, su bi wanda masu zaɓe suka zaɓa. Ya rasu cikin Oktoban 1837, yana da kimanin shekara 56, aka rufe shi a Wurno, inda hubbarensa yake har yanzu. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Ɗansa Aliyu Babba bai hau ba sai 1842. Nana Asma'u ta yi masa marsiyya da Fulatanci, wadda ta tsaya a kan halayensa fiye da yaƙe-yaƙensa. Allah ya ji ƙansa.

Abin da ya rage mana

To, 'yan'uwa, ku dubi ƙasar da Bello ya bari. An yi fari mai tsanani daga 1972 zuwa 1974, aka sake yin wani wajen 1984, shanu suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya cikin 1965, amma a wurare da yawa gonaki da gine-gine sun cinye makiyayar, sun toshe burtali. Da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, manoman da ruwa ya ci gonakinsu suka tashi neman diyya, cikin 1980 aka harbe da yawa daga cikinsu, masu noman fadama na ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da suka saba dogara da ita. Daga wajen 2011 rikicin manoma da makiyaya a Zamfara ya rikiɗe ya zama ta'addancin 'yan bindiga, ya bazu har gabashin Sakkwato, cikin garuruwan da aka kafa tun asali don su zama mafaka.

Ba wanda zai ce a komo da zamanin Bello, mutane sun ninka, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Amma tambayar da ya yi wa kansa tana nan: ina amfanin wuridin shugaba in rijiyar gari ta zama ta mutum ɗaya? Shi ya haɗa abu uku wuri guda, masallaci da makaranta da gona, ya sa alƙali a tsakaninsu. Mu mun rarraba su, mai wa'azi bai cika zancen burtali ba, malamin gona bai cika zancen amana ba.

Yawancinmu ƙauye za a tura mu in mun gama. Za mu tarar da ɗan manomi da ɗan makiyayi, wani lokaci a benci ɗaya, sau da yawa kuwa ɗayan yana daji ba wanda ya je nemansa. In ka isa, ka tambayi dattawa inda hurumin garin yake da inda burtali ya bi, ka sa yara su zana taswirarsa kafin ya ɓace. Ka nemi ɗan fili bayan aji ku yi lambu, kowane yaro ya dasa itaciya ya yi mata ban ruwa har ta kama. Ranar da za ka ba su labarin Muhammadu Bello kuma, in ka gama faɗin Alƙalawa da Gawakuke, kada ka tashi sai ka faɗa musu labarin jigo da fitila biyu.

Wassalam.